Sauya wa Hoya Tukunya da Yadda Za a Taimake Ta Ta Farfaɗo

A ƙarshen damina wata 'yar'uwa ta rubuto mana daga wani ƙauye a Jihar Filato. Ƙungiyarsu ta mata tana renon shuke-shuken ado cikin tukwane, suna kai wa masu sayar da furanni a bakin hanya cikin gari. Da kuɗin adashinsu suka sayi wata shuka mai yaɗo da ake kira hoya, da nufin su riƙa yankan rassanta suna dasawa suna sayarwa. Da suka ga tukwanen roba da ta zo a ciki ƙanana ne ƙwarai, sai tausayi ya kama su. Suka nemo manyan bokitai, suka cika su da baƙar ƙasar fadama da takin shanu, suka juye shukar a ciki, suna ba ta ruwa safe da yamma. Bayan mako uku ganye ya fara yamushewa. Suka ƙara ruwa. Ganye ya koma rawaya, ya soma zuba. Tambayarta ita ce, me suka rage ba su yi ba?

Babu abin da suka rage. Abin da suka yi ne ya yi yawa. Tun da yake kuɗin mutane da yawa ne a cikin waɗannan bokitai, kuma mun san akwai waɗansu ƙungiyoyi da suke wannan sana'a, mun ga ya kamata mu ba da amsar a nan domin kowa ya amfana.

Wace irin shuka ce hoya?

Hoya ba 'yar ƙasarmu ba ce. Asalinta daga dazuzzukan Asiya ne masu zafi da ruwan sama, kamar Indiya, kudancin Sin, Tailan, Filifin da Indunusiya, har zuwa Niyu Gini da arewacin Ostareliya. Akwai irinta fiye da 500. Wani masanin tsirrai ɗan Sikotilan mai suna Robert Brown ne ya raɗa mata wannan suna a shekarar 1810, domin girmama Thomas Hoy, wanda yake shugaban masu kula da lambu ne a gidan wani basarake kusa da Landan. Wadda aka fi samu a gidaje ita ce ake kira Hoya carnosa. Ganyenta kauri gare shi, yana sheƙi kamar an shafa masa kakin zuma. Furanninta ƙanana ne masu kusurwa biyar kamar tauraro, suna fitowa a dunƙule wuri ɗaya, kuma da dare ne suka fi ƙanshi.

Duk wanda ya taɓa duban furen tumfafiya da kyau zai ga kama, gama dangi ɗaya ne. Yaɗiya ma 'yar'uwarsu ce. Kamar tumfafiya, yawancin irin hoya suna fitar da farin ruwa kamar nono idan an yanke su, ko da yake na carnosa garai yake. Amma kada dangantakarta da yaɗiya ta ruɗe kowa. Hoya ba abinci ba ce, a kuma wanke hannu bayan an taɓa ruwanta.

Abin da ya fi muhimmanci a sani shi ne inda take zama a can gida. Yawancin hoya ba a cikin ƙasa suke girma ba. A jikin itatuwa suke, can sama, saiwarsu tana manne da ɓawo ko tana kwance cikin ɗan ruɓaɓɓen ganyen da ya taru a tsakanin rassa. Ba kamar kauci take ba, gama kauci yana huda itace ya sha ruwan jikinsa, ita kuwa wurin zama kaɗai take nema. Idan an yi ruwan sama saiwar ta jiƙe sharkaf. Bayan 'yan sa'o'i iska ta busar da ita. Haka rayuwarta take, a jiƙe a bushe, a jiƙe a bushe. Ruwan da take bukata tsakanin wannan ruwan sama da na gaba, cikin ganyenta mai kauri take ajiye shi.

Me ya sa ta yi yaushi alhali ƙasa a jiƙe take?

Wannan shi ne abin da ya ruɗe 'yan'uwanmu mata, kuma yana ruɗin mutane da yawa. Mun saba cewa idan ganye ya yi yaushi ƙishirwa ce, maganinta kuwa ruwa. Gaskiya ne ganyen yana jin ƙishirwa. Amma ya kamata a tambaya, ruwan ne babu, ko kuwa abin da zai ɗauko ruwan ne ya mutu?

Saiwa tana numfashi. Tana bukatar iskar da take cikin ƙananan ramukan da suke tsakanin ƙwayoyin ƙasa. Idan ruwa ya cika ramukan nan ya zauna kwana da kwanaki, iskar ta ƙare, sai ƙananan saiwoyi masu kama da gashi su fara mutuwa. Su ne kuwa masu shan ruwa. Da zarar sun mutu, ƙwayoyin cuta da suke son laima su samu ƙofa, ruɓa ta bi saiwa ta hau zuwa kara. Kowane manomi ya taɓa ganin haka a gonar masara inda ruwa ya kwanta: masarar tana tsaye cikin ruwa, amma ta yi rawaya ta tsumbure. Shinkafa tana jimrewa domin tana da hanyoyin iska a cikin jikinta da suke kai iska har ƙasa. Hoya ba ta da wannan. Ta ma fi masara rashin haƙuri da kwantaccen ruwa.

Yanzu ku duba abin da ya faru a bokitin. Saiwar da duka-duka ba ta fi dunƙulen hannu ba, an sa ta a tsakiyar ƙasa mudu da yawa. Ba za ta iya shanye ruwan da wannan ƙasa take riƙewa ba ko cikin mako biyu. Ƙasar fadama kuwa laka ce, riƙe ruwa ne aikinta. Ga takin shanu a kai, wanda idan bai ruɓe sosai ba yana ƙona saiwar da ta ji rauni. Sa'an nan ga ruwa safe da yamma. Sa'ad da ganye ya yamushe, saiwar ta riga ta lalace. Ƙarin ruwan da aka yi ya gaggauta abin ne kawai.

Saboda haka kafin ku ɗauki butar ban ruwa, ku soka yatsa ko busasshen tsinke cikin tukunya har ƙasa. Idan ya fito a bushe kuma ganye ya yamushe, ƙishirwa ce ta gaskiya, ku ba ta ruwa, cikin kwana ɗaya ko biyu za ta miƙe. Idan ya fito da danshi amma ganye ya yamushe, kada ku ƙara ko ɗigo. Saiwa za ku duba.

Shin tana bukatar sabuwar tukunya?

Sau da yawa ba ta bukata. Hoya tana son matsi. Takan yi shekara biyu, uku, har fiye a tukunya ɗaya, kuma masu renonta sun lura ta fi yin fure sa'ad da saiwa ta cika tukunya. Tsawon yaɗonta ba dalili ba ne. Za ku ga yaɗo ya kai mita biyu yana fitowa daga tukunyar da ba ta fi kofin shayi ba, yana kuwa cikin ƙoshin lafiya.

Dalilan da suka isa a sauya mata wuri kaɗan ne. Idan saiwa ta cika har ta fito ta ramukan ƙasa, tukunyar kuma tana bushewa cikin yini ɗaya. Idan abin da take ciki ya ruɓe ya zama kamar taɓo, ruwa ba ya wucewa, ko yana warin tsami. Idan kun ga fararen ƙwari a saiwa. Ko kuwa idan kuna zaton saiwar ta fara ruɓewa. A kan wannan na ƙarshe ba a jira. Ranar da kuka gane, ranar za ku yi aikin.

In ba gaggawa, lokacin da ya fi kyau shi ne farkon damina, sa'ad da iska ta yi laima shukar kuma ta fara toho. Ku guji hunturu, gama busasshiyar iska tana tsotse ruwan ganye, sanyin dare kuma yana rage girman saiwa. Ku guji tsakiyar zafin bazara. Idan ta ɗauki fure, ku bari ta gama, in ba haka ba za ta zubar. Wadda kuka sayo sabuwa, ku bar ta cikin tukunyarta makonni kaɗan ta saba da gidanku, ku kuma ware ta daga sauran ko da ta zo da ƙwari.

Tukunya

Sabuwar tukunya kada ta fi tsohuwar faɗi da fiye da santimita 2 zuwa 5, wato yatsa ɗaya ko biyu ta kowane gefe. Idan ruɓa ta sa kun yanke saiwa da yawa, sai ku koma wadda ta fi tsohuwar ƙanƙanta. Mun san wannan yana da wuyar karɓa. Ido yana ganin babbar tukunya ta fi kyau, mai saye ma haka. Idan don kyau ne, ku sa ƙaramar tukunyar cikin babba, ku riƙa fitar da ita lokacin ban ruwa.

Dole ta kasance da rami a ƙasa, in da hali fiye da ɗaya. A ganinmu tukunyar yumɓu ta fi dacewa da wanda hannunsa yake da saurin ba da ruwa, gama tana tsatsafo ta jikinta kamar yadda randa take yi, saboda haka tana bushewa da wuri. Ku roƙi maginiya ta huda ramukan tun kafin a gasa. Aibinta shi ne da hunturu tana bushewa fiye da kima, saiwa kuma takan manne a jikinta, har wani lokaci sai an fasa ta kafin a fitar da shukar. Ta roba ma tana yi, a huda ta da ƙusa mai zafi a ƙasa da kuma gefe. Tsohuwar tukunya, a wanke ta da sabulu a shanya a rana.

Akwai al'adar zuba tsakuwa a gindin tukunya wai don ruwa ya wuce. Ba ta taimakawa. Ku jiƙa soso ku ɗora a kan tsakuwa, za ku ga ruwan bai sauka ba, yana nan a gindin soson. Haka ƙasa take yi. Tsakuwar tana ɗaga jiƙaƙƙen wurin ne kawai ya matso kusa da saiwa. Tsingaro guda a kan ramin ya isa, domin kada abin da yake ciki ya zube.

Abin da za a zuba a ciki

A manyan birane ana sayar da haɗi na musamman, da ɓawon itacen da aka shigo da shi da wani farin dutse mara nauyi. Ba sai kun saya ba. Abin da ake nema shi ne gutsattsarin abubuwa masu barin iska a tsakaninsu, da ɗan abin da zai riƙe danshi. Ga haɗin da muke ba da shawara, a auna da kwano ɗaya:

Kwano biyu na busasshen ɓawon itace, a farfasa shi kamar girman ƙwayar gyaɗa ko gurjiya. A ɗebo daga itacen girki da aka riga aka sare. Kada a ɓare itace mai rai saboda wannan.

Kwano ɗaya na gawayi, shi ma a farfasa haka. A tankaɗe garin a zubar, a jiƙa shi ya kwana, a tsiyaye. Gawayi muka ce, ba toka ba. Toka tana da kanwa-kanwa, tana cutar da saiwa.

Kwano ɗaya na buntun shinkafa, ko ɓawon kwakwa da aka yayyanka. Idan na kwakwa ne, a jiƙa shi kwana uku ana sauya ruwa, gama yakan zo da gishiri.

Kwano ɗaya na ganyen da ya ruɓe sarai ya zama baƙi, irin wanda ake samu a gindin manyan itatuwa.

Wannan ba doka ba ce. Wanda yake inda iska ta fi bushewa zai iya ƙara ruɓaɓɓen ganye kaɗan. Wanda yake inda ruwa ya yi yawa ya ƙara gawayi. Abin da ba ma so shi ne laka, da lallausan yashi mai toshe ramuka, da ɗanyen garin katako, da ɗanyen taki. Ku zuba wa ɓawon da ganyen tafasasshen ruwa ku bari su huce, domin a kashe gara da ƙwayayen ƙwari. Sa'an nan ku gwada: ku cika tukunya, ku zuba kofin ruwa. Idan ya fito ta ƙasa kafin ku ƙirga goma, haɗin ya yi. Idan ya tsaya a sama, ku ƙara ɓawo da gawayi.

Ranar aikin

Idan shukar lafiyarta ƙalau, ku ba ta ruwa kwana ɗaya kafin nan, domin jiƙaƙƙiyar saiwa ba ta saurin karyewa. Ku yi aikin a inuwa, da sassafe ko da yamma. Kome ya zama a shirye kafin ku taɓa ta: tukunya, haɗi, sabuwar reza ko almakashin da aka tsoma cikin tafasasshen ruwa.

Kafin kome, ku yanki reshe ɗaya ko biyu masu lafiya ku ajiye domin dasawa dabam. Idan uwar ta ƙi, ba ku yi asarar irin ba. Ga ƙungiyar da ta zuba kuɗi, wannan ba abin mantawa ba ne.

Ku tara yaɗon wuri ɗaya, wani ya riƙe. Ku kifa tukunyar a tafin hannu, karan yana tsakanin yatsunku, ku bubbuga gindin. Kada ku ja ta ta kara. Idan ta ƙi fita, ku matsa gefen robar, ko ku yanka ta. Tukunya ta fi shukar araha.

Yanzu ku duba saiwa. Mai lafiya fara ce ko ruwan ƙasa-ƙasa, idan kun ja ta a hankali tana da ƙarfi. Wadda ta mutu, idan kun ja sai fatarta ta saɓule ta bar wani siririn zare kamar gashi. Wannan gwaji ya fi duban launi, gama abin da saiwa take ciki yakan rina ta. Idan yawancinta lafiya take kuma tsohon haɗin bai lalace ba, kada ku wargaza ta. Ku ɗan sassauta gefe da yatsa, shi ke nan. Kowace ƙaramar saiwa da ta tsinke, sai shukar ta sake yin wata kafin ta sha ruwa da kyau. Amma idan cikin laka take, kamar ta 'yan'uwanmu, sai a tsoma cikin kwanon ruwa a girgiza a hankali har lakar ta fita duka. A yanke duk abin da ya yi baƙi, ya yi laushi, ko yake wari. A bar ta a inuwa kamar awa ɗaya ta sha iska.

Ku zuba haɗi kaɗan a gindi, ku zaunar da ita, ku cika gefe. Wuyanta ya tsaya daidai inda yake a dā. Idan kun binne kara zai ruɓe. Kada ku danna da ƙarfi kamar ana dasa rogo. Ku bubbuga tukunyar a ƙasa sau biyu ko uku, haɗin zai zauna da kansa. Ku kafa sanda ko lanƙwasasshen kara ku ɗaura yaɗon da tsumma, gama idan shukar tana girgiza, sababbin saiwoyi ba za su kama ba.

Idan ba ku yanki saiwa ba, ku ba ta ruwa nan take har ya fito ta ƙasa. Idan kun yanka, ku jira kwana biyu ko uku raunin ya bushe. Ruwan da yake cikin ganye zai riƙe ta.

Makonni shida na farko

A nan ne aka fi yin kuskure, domin aikin da ake bukata shi ne haƙuri, mutum kuwa yana so a ga yana yin wani abu.

Ku ajiye ta inda akwai haske sosai amma rana ba ta dukanta, kamar baranda, ko ƙarƙashin rumfa, ko kusa da tagar da take kallon gabas. Ranar tsaka tana ƙona ganyen hoya ko mai lafiya, balle wadda ba ta da saiwa. Ɗaki mai duhu ma bai dace ba, gama da haske ne take samun ƙarfin yin sabuwar saiwa. Da damina ku tabbata ruwan indararo ba ya zuba a kanta. Ku ɗora tukunyar a kan bulo saboda gara, kada kuma ta zauna cikin faranti mai ruwa. Idan kun sami wurin, ku bar ta a can. Kada yau nan gobe can. A wurare masu tudu inda sanyin dare yake tsananta, ku shigar da ita ɗaki da hunturu, gama ba ta son sanyin da ya sauka ƙasa da digiri 10.

Ba a ba hoya ruwa bisa ga ranakun mako. Tsinke ne zai faɗa muku. Idan ya fito kusan a bushe, ku zuba ruwa sosai har ya fita ta ƙasa, sa'an nan ku bar ta. Da damina yana iya kai mako ɗaya ko fiye. Da rani zai zama kwana uku ko huɗu. Ku saba da ɗaga tukunyar, hannu zai koyi bambancin nauyin jiƙaƙƙiya da busasshiya. Ruwan sama ya fi kyau. Ruwan waɗansu rijiyoyin burtsatse yana barin farin gishiri a bakin tukunya, in haka ne ku riƙa wanke haɗin da ruwan sama lokaci lokaci.

Kada a sa taki kowane iri har mako shida, ko har kun ga sabon toho. Shukar da take fama ba yunwa take ji ba, taki kuwa gishiri ne ga saiwa mai rauni. Bayan nan ma kaɗan ya isa. Idan na ruwa ne na kanti, rabin abin da aka rubuta a jikin kwalba ko ƙasa da haka. Idan ruɓaɓɓen takin gida ne, a jiƙa a tace, a surka har ya zama kamar shayi mara ƙarfi, sau ɗaya a wata lokacin da take girma.

Idan ta rasa saiwa da yawa, ku rage mata asarar ruwa ta ganye. Ku kifa mata farar leda mai 'yan ramuka, ku tokare da sanduna kada ta taɓa ganye, ku riƙa buɗewa kowace rana ta sha iska. A inuwa kaɗai ake yin wannan. Leda a rana tana dafa shuka cikin awa ɗaya.

Ganye biyu ko uku na ƙasa za su iya yin rawaya su faɗi. Wannan ba abin tsoro ba ne. Wanda ya riga ya yi rawaya ba zai koma kore ba, amma wanda ya yamushe kawai zai iya cikowa. Alamar farko ta samun sauƙi ita ce ganye ya yi tauri, idan kun lanƙwasa shi a hankali ya ƙi. Daga baya sai toho, wanda sau da yawa yakan fito ja-ja. Yana iya ɗaukar wata ɗaya, yana iya ɗaukar uku. Hoya ba ta da hanzari. Kada ku tone don ku ga ko saiwa ta fito.

Ku riƙa duba bayan ganye da gaɓoɓi. Shuka mai rauni tana jawo wani farin ƙwaro mai kama da auduga, dangin wanda ya addabi rogo a ƙasashen Afirka a shekarun 1970 da 1980. Idan kaɗan ne, a goge shi da auduga da sifirit. Idan ya yi yawa, a wanke ganyen da ruwan sabulu mara ƙarfi ko ruwan 'ya'yan darbejiya da yamma, a maimaita kowane mako har sau uku ko huɗu. Yawan kiyashi a jikin shuka alama ce cewa ƙwaron yana nan.

Idan saiwa ta ƙare duka

Wannan ne halin da muke zaton yawancin shukokin cikin bokitan nan suke ciki. Ba a yi asara duka ba tukuna, muddin akwai kore a sama. Hoya tana fitar da saiwa daga jikin kara cikin sauƙi. In kun duba za ku ga waɗansu 'yan ƙuraje a kusa da gaɓa, saiwoyi ne suke jiran danshi.

Ku fara yanka daga ƙasa kuna hawa, har ku kai inda cikin karan yake fari ko kore, ruwa kuma yana fitowa. Duk inda yake baƙi ko busasshe kamar tsinke, a yar. Ku goge rezar bayan kowane yanka. Abin da ya rage ku raba shi gunduwa-gunduwa, kowace da gaɓa biyu, wato wurin da ganye yake fitowa. Ku cire ganyen gaɓar ƙasa, ku bar na sama. Idan ganyen ya yamushe ƙwarai, ku jiƙa gunduwoyin cikin ruwa 'yan sa'o'i. Sa'an nan ku soka gaɓar ƙasa cikin haɗin nan, uku ko huɗu a ƙaramin gwangwanin da aka huda, ku kula kada ku juya kan ƙasa. Ku rufa da leda a inuwa. A wannan mataki haɗin yana bukatar ɗan danshi kullum, ba kamar na babbar shuka ba. Waɗansu sun fi son sa su cikin kwalbar ruwa, suna sauya ruwan bayan kwana uku, su mayar cikin tukunya idan saiwa ta kai tsawon gaɓar yatsa biyu. Duka biyu suna yi. Yawanci cikin mako uku zuwa shida saiwa takan fito.

Gaɓar nan dole ce. Ganye shi kaɗai yana iya yin saiwa ya zauna kore shekara guda, amma da wuya ya yi reshe. Akwai wata iri mai suna Hoya kerrii, mai ganye kamar hoton zuciya, da ake sayar da ganyenta guda ɗaya a ƙaramar tukunya. Idan don ku yawaita ne kuke saye, kada ku ba da kuɗinku sai kun ga kara da gaɓa.

Abubuwa biyu da ba a yankewa

Sa'ad da ta farfaɗo za ta miƙo wani dogon yaɗo siriri wanda ba ganye a jikinsa. Mutane sukan ɗauka ya mutu su yanke. Wurin kamawa yake nema, ganye zai biyo baya. Ku naɗa shi a jikin sanda.

Na biyu shi ne ɗan guntun sandan da fure yake fitowa a kansa. Bayan furen ya zube, sandan yakan rage kamar busasshen tsinke mai kai. Daga wannan wuri ne fure zai sake fitowa, shekara bayan shekara, yana ƙara tsawo kaɗan kaɗan. Wanda ya tsinke shi don gyara ya jawo wa kansa jira.

Ga masu sayarwa, kada ku kai kasuwa shukar da kuka sauya wa tukunya makon jiya. Za ta mutu a hannun mai saye, ba zai dawo ba. Ku jira ta yi sabon ganye. Ku gaya masa ya gwada da tsinke kafin ya ba ta ruwa, ku kuma gaya masa gaskiya cewa wadda aka dasa daga reshe takan yi shekara biyu ko uku kafin ta yi furen farko.